Ciyawar da Ta Ci Aikin Surukina

Tun da na dawo daga Doha ƙofar gidana ba ta huta ba. Wannan ta shigo, "Inna Hajara, an ce har titinsu sanyi ake hura masa?" Waccan ta shigo, "An ce zinariya a tire ake tallanta?" Na ba da labari har bakina ya gaji, kuma na lura duk wadda na ba, tana fita take ƙara masa gishiri. Jiya har na ji wai ɗaure ni aka yi a can. Ba a ɗaure ni ba. To ga shi na rubuta, mai iyawa ta karanta, wadda ba ta iya ba jikanta ya karanta mata, a bar ni in huta. Kuma in faɗa tun yanzu, ban je yawon buɗe ido ba. Wankan jego na je yi wa autata Rabi, na yi shi sau ɗaya tak, wani bawan Allah ya rasa aikinsa a kai, kuma har yau raina a ɓace yake.

Rabi ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a can. A can ta haɗu da mijinta, Mumuni, mutumin Zangon Kumasi ta ƙasar Gana, direba a wani kamfanin gine-gine. Auren nan ban so shi ba, duk Gumel an sani. Ga samari a gida, sai wanda za a ƙetare ƙasashe kafin a ga danginsa? Sunansa ma yanzu ne nake rubuta shi. A da, in a gaban mutane ne "mijin Rabi" nake cewa, in mu kaɗai ne da ƙawaye "ɗan Ganan nan".

Da ciki ya tsufa na ce ta taho gida, haihuwar fari a ɗakin uwa ake yi. Ta ce, "Inna, aiki ba zai bari ba." Yayyenta duka ni na yi musu wanka da hannuna, safe da yamma har arba'in, babu wadda sanyi ya taɓa kamawa. Na ce to tunda ke ba za ki zo ba, ni ga ni nan. Sai biza ta tsaya wasa da hankalina. Aka haihu ina Gumel, aka yi suna ina Gumel, a waya na ga jaririyar, aka ce mini sunana aka sa mata, ana kiranta Ummi. Kafin takardar ta fito, kwanakin jego sun yi nisa.

Na cika jakar bakko da abin da ya kamata: busasshen ganyen darbejiya da na runhu na wanka, kanwa ta kunu, yajin jego, gero, daddawa da kuka. Direban da ya kwaso mu zuwa Kano ya ɗora jarkar man gyaɗa a kan jakar, muka yi ta sa-in-sa tun daga tasha har Gezawa. A filin jirgi wani yaro mai ɗaurin wuya ya ce kayana sun yi nauyi, sai an rage. Na zare atamfofina na ba ƙanena da ya rako ni, ganye kuwa ko ƙwaya ban taɓa ba.

A jirgi na zauna kusa da wata 'yar kasuwa 'yar Maraɗi, ita ta koya mini ɗaure bel, ita kuma ta cinye abincina da nata, don ni na buɗe na ga wani ganye ɗanye da ɗan kifi fari fat kamar ba a kai shi wuta ba, na rufe. Muka yada zango a Habasha. Sanyi ya hana ni sakat, banɗakinsu kuma babu buta, sai da na sayi ruwan gora na shanye rabi na yi buta da sauran.

Fitinar farko a bakin shiga Doha ta same ni. Aka ɗauki hoton idanuna, aka buga mini hatimi, na ce alhamdu lillahi. Ina tura kayana sai wata ma'aikaciya cikin baƙar abaya ta yafito ni gefe. Ta zuge bakkon, ƙamshin daddawa ya bugi fuskarta, ta ja da baya tana toshe hanci. Ta sa safar hannu ta fara zaro kaya. Ganyen darbejiya, gefe. Runhu, gefe. Gero, gefe. Da ta zo kan kanwa sai ta kira wasu maza biyu, suka tsaya suna jujjuya ta kamar sun kama abin tsiya. Na yi bayani da Hausa, na haɗa da ɗan Larabcin aikin Hajji, na nuna mata hoton Ummi a waya. Ko a jikinta. Wani mai gadi Basakkwace da ya ji hayaniya ya matso ya ce, "Hajiya, ki bar masu. Nan ba a gardama. Ki gode Allah da ba su tsare ki ba." Na ce, "Ɗan nan, ganyen wanka ne fa!" Ya ce, "Na sani, Hajiya, ni ma da shi aka yi ma uwata. Ki bar masu." Aka bar mini kuka da yaji, sai daddawar da ba wanda ya yarda ya taɓa.

Ina fitowa sai ga surukin nawa. A tsakiyar jama'a, gaban Turawa da Indiyawa, ya durƙusa har ƙasa. "Mma, sannu da hanya. Rabi yana gida yana jiranki." Haka Hausarsu take, mace ma "shi" ce. Na kau da kai na amsa a daƙile. Ya ɗauki kayan ya kai ni gun wata farar mota babba, ya buɗe mini baya. Na ce a raina ashe dai yana da abin hannu. Kamar ya ji ni, ya ce motar kafil ce. Kafil shi ne wanda ya ɗauko ka aiki, a hannunsa izinin zamanka yake, ran da ya sallame ka sai ka nemi wani da gaggawa ko ka tattara ka bar ƙasar. Ya ce an yarda masa ya kwana da motar, ranar Juma'a ya yi cefane da ita a cikin gari, kuma akwai na'ura a jikinta da ke faɗa wa ofis duk inda ta taka.

Unguwarsu Matar Kadim, wato tsohon filin jirgi. Gidan babba ne daga waje, a ciki an yanka shi da katako an yi ɗakuna: nan Indiyawa, nan 'yan Filifin, can wani Basudane da iyalinsa. In maƙwabci ya yi atishawa sai ka ce masa yarhamukallahu daga kan gadonka. Babu tsakar gida, babu murhu, babu inda za ka girka tukunyar wanka. Abin da ya fi ba ni haushi, an haihu a gida amma babu mai shigowa barka. Kowa ya fito ya kulle ƙofa ya wuce, in kun haɗa ido ya yi maka murmushi. A Gumel da tabarma ba ta naɗu ba sai bayan arba'in.

Abinci kuwa, shinkafa ce da naman rago mai kayan ƙamshi kamar a kantin turare aka dafa ta, da gurasa falan-falan, da wani shayi mai kauri da suke ce wa karak. Shayin kam ba ni da ta cewa. Amma ranar farko da na leƙa kicin na tarar da surukina ɗaure da tawul yana dafa shinkafa da wake irin tasu, da wani baƙin yaji mai kifi. Namiji a gaban tukunya, surukarsa tana gida! Na koma ɗaki na ce wa Rabi wannan wane irin zubar da mutunci ne. Ta ce, "Inna, tun da na haihu shi ke yi." Na ci dai don kada a ce na raina. Na ƙara kuma, amma ba a gabansa ba.

Da na tambayi yadda take wanka sai ta nuna mini famfon da ke zubo ruwa daga sama. Mai jego, a tsaye, kamar mai wanke mota. Na ce daga gobe za a fara na gaskiya. Ta ce, "Inna, ruwan nan mai ƙuna da kunun kanwa suna kumbura wa mata zuciya. Na gani da idona tun ina makaranta." Na ce, "Ni da na haife ki zuciyata ta kumbura?" Muka yi ta yi har Ummi ta farka. A ƙarshe ta ce, "To shi ke nan. Ban da kanwa, ruwa kuma ni zan taɓa in ji zafinsa. In kin samo ganye, ki yi mini." Na san abin da ya sa ta faɗi haka. Ta san an ƙwace ganyen.

Na shiga nema. A bakin titinsu akwai darbejiya jere, kore shar, ana ba su ruwa da siririn tiyo. Na miƙa hannu ke nan Mumuni ya ce, "Mma, ba a taɓawa. Na hukuma ne, akwai kamara." Na ce a kai ni kasuwa. Ya kai ni Najma, inda leburori ke cunkushe a ɗakuna, muka bi kantunan Indiyawa ɗaya bayan ɗaya. Wani mai kanti ya gyaɗa kai ya ce ya gane sarai, ya shiga ciki ya fito mini da sabulu mai hoton ganyen darbejiya a jiki. Sabulu! Wata rana na hura gawayi a ɗan kasko a banɗaki don ko gashi in yi mata. Wani abu a silin ya ƙwala ihu, mutanen gidan suka fito a guje, 'yar Filifin da kumfa a kai, mai gadin gida yana ta masifa da yarensu. Mumuni ya bi su ɗaya-ɗaya yana ba da haƙuri, sannan ya dawo ya ce, "Mma, a nan ba a hura wuta a ɗaki." Ba a taɓawa, ba a hurawa, ba a shanya a baranda, ba a zubar da ruwa a ƙofar gida. Na yanke a raina cewa yaron nan matsoraci ne kawai, inuwarsa ma tsoronta yake ji.

Arba'in tana matsowa, ni ban yi abin da ya kawo ni ba. Na daina cin abincin kirki, na daina hira. In na kalli Rabi tana kwance iskar na'urar sanyi tana kaɗa ta sai in ji kamar in fasa ihu. Ran wata Juma'a bayan an sauko masallaci Mumuni ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Mma, an yi ruwa kwanakin baya, an ce daji ya yi kyau. Yalla, mu je ki sha iska." Rabi ta ce, "Da motar kamfani?" Ya ce ba nisa, kafin magariba mun dawo. Ita ta zauna da jaririya, mu muka fita.

Dajinsu ba daji ba ne, fili ne na tsakuwa iya ganinka, ko akuya ba za ta yi kiwo a ciki ba. Muna cikin tafiya sai ga wani kwari kore, kamar fadama, inda ruwan sama ke taruwa. Rauda suke ce masa. Can nesa a ɗaya gefen iyalai sun shimfiɗa dardumai suna shan gahawa, kowa ya bar motarsa a kan hanya. Mumuni ma ya tsaya a kan hanya. Ya ce, "Mma, ki zaga ki gani. Amma ba a shiga da mota, ba a cire ciyawa. Akwai masu tsaro." Na ce a raina ga ta nan kuma, yau har ciyawa. Ya ɗauki dardumarsa ya nufi inda wasu maza ke tayar da la'asar.

Na gangara a hankali saboda gwiwata ta hagu da ta daɗe tana damuna. Ban yi nisa ba wani ƙamshi ya tsayar da ni. Na duba ƙasa. Wani tsiro ne da bai kai gwiwa ba, rassansa fari-fari kamar an barbaɗa musu gari, ganyensa ƙanana masu lanƙwasa a baki, a kan kowane reshe ɗan fure rawaya kamar maɓallin riga. Na tsinki ɗaya na murza na kai hanci. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Farar saura ce. Ita dai, wadda ke fitowa a saurukan bayan garinmu da bakin tafki in ruwa ya janye. Mahaifiyata takan jefa ta a tukunyar wankan jego tare da darbejiya, ta kuma rataye ta a ɗaki don ƙwari. Na baro ta a bayan gidana ban ko kalle ta ba, na zo na same ta a ƙasar Larabawa.

Ban yi wani dogon tunani ba. Na ware zanen da na yafo saboda sanyi na shimfiɗa. Ni 'yar manoma ce, ban san ana tsinkar ciyawa da yatsu biyu ba. Kamawa ake yi daga gindi a tuge, a buga saiwar a dunduniya ƙasa ta zube, a jefa gefe. Haka na yi ta yi, ina lissafin na safe da na yamma har ranar arba'in. Na share wuri mai faɗi, zane ya cika ya yi tozo. Na yunƙura zan miƙe, gwiwar ta ce ƙas, ta riƙe. Na koma na zauna daɓas, zafin har cikin kaina.

Na ƙwala kira, ban ambaci suna ba, "Kai! Kai!" Ya taho a guje. Da ya ga tulin da ke kan zane da ramukan da na bari, sai ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce, "Mma, bari in ɗaga ki." Ya sunkuyo.

Na ce, "Kul! Kada ka kuskura ka taɓa ni."

"Mma, hanya da nisa, ba za ki iya ba."

"Ko zan kwana a nan. Ni za ka cicciɓo kamar buhun gero? Surukarka?"

Ya ce to bari ya kira matan can su taimaka. Na ce ba zan zama abin kallon Larabawa ba. Ya tsaya yana duban hanya, yana dubana, ina ta cije leɓe hawaye na zuba. Sai ya juya da gudu. Jim kaɗan na ji ƙarar inji. Ya shigo da motar cikin kwarin a hankali, tayoyi suna kwantar da kore, har ya kawo ƙofar daidai kafaɗata. Na kama hannun ƙofa na ja jikina na hau, shi yana tsaye gefe hannuwansa a baya.

Ko juyawa bai yi ba wani saurayi cikin farar jallabiya ya iso yana ɗaukar mu hoto da waya, yana magana da ƙarfi. Bayansa wata tsohuwa, sa'ata ko ta girme ni, da wani abin rufe fuska mai ƙyalli a kan hancinta. Uwarsa ce. Ta ɗauki tsiro ɗaya daga zanena, ta ɗaga saiwar a gaban idona tana faɗa. Mumuni yana fassara mini ƙasa-ƙasa: wai sunansa jasjas, wai a nan sai a shekara ba a ga ruwan kirki ba, da saiwar nan yake kwana a ƙasa yana jira, su kai kawai suke tsinka, ni na kashe shi har gida. Na ce, "Gaya mata a garinmu yara ake sa wa su tuge ta a zubar!" Bai gaya mata ba.

Motar masu tsaron dajin ta iso, saurayin ne ya kira su. Suka auna sawun taya, suka ɗauki hoton ramuka, suka tambayi wanda ya tuge. Mumuni ya dafa ƙirji ya ce, "Ana." Wannan kam na san ta, ni ke nan. Na ce, "Ƙarya yake, ni ce!" Ya juyo ya ce da Hausa, "Mma, don Allah ki yi shiru. Rabi ne ya ɗauko ki. In an rubuta sunanki, a kansa zai faɗa, da aikinsa na asibiti." Na yi shiru. Ban taɓa yin shirun da ya ƙona ni kamar wannan ba.

Tsohuwar ba ta yarda ba, ta ga ƙasa a farcena. Ta tambaye shi me za a yi da ciyawa har tuli guda. Ya ce matarsa ce ta haihu, uwarta ta zo daga Nijeriya za ta yi mata wanka. Na ji kalmar nifas, wato biƙi, a bakinsa. Matar ta juyo. Ta dube ni tun daga sama har gwiwar da nake riƙe da ita. Ta tafi motarsu ta dawo da wani ɗan ƙulli a farin ƙyalle, busassun kawunan furen jasjas ɗin ne da take jefawa a shayi, ta cusa mini a hannu ta matse yatsuna a kai. Sannan ta koma kan ma'aikatan tana roƙo, tana nuna ni, tana nuna sama. Babbansu ya nuna mata allon na'urar da ke hannunsa ya ce, "Khalas." An riga an shigar, ba ya fita. Aka tafi da motar kamfani, har da ciyawar da na tuge. Saurayin da ya kira mana hukuma shi uwarsa ta sa ya mai da mu gida har Matar Kadim.

Ran Lahadi, da yake ita ce farkon makonsu, saƙo ya shigo wayar Mumuni. Ya fita bayan gari da motar kamfani, ya jawo an kama ta, an sallame shi. Ko kiransa ofis ba a yi ba. Mutumin da ya yi shekaru yana jan motarsu ko ƙwarzane bai taɓa yi mata ba.

Rabi ta tashi a kaina. Tun da na haife ta ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ran nan. "Inna, muharraminki ne fa! Addini ya yarda ya riƙe ki! Da kin bari ya ɗaga ki da bai shiga da mota ba!" Na ce, "Ni ba a yi mini tarbiyyar da suruki zai rungume ni ba." Ta ce, "To ga tarbiyya nan ta zaunar da shi a gida." Na ce da kin zo gida haihuwa kamar kowace 'ya da duk wannan bai faru ba. Ta fashe da kuka, ni ma na juya wa bango fuska. Daga baya, da muka huce, ta binciko tsiron a waya ta ce gaskiyata ce, shi ne na gida, iri-iri ne, suna bin ƙasashen hamada tun daga Nijar har nan, wai ma danginsu ɗaya da shuwaka. Na ce ai na ga alama, ɗacinsa ya isa.

Ku fahimce ni, ban ce tsohuwar nan ba ta da gaskiya ba. Da wata baƙuwa za ta shigo gonata ta tuge mini gero, da abin da zan yi mata ya fi haka. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙasar da ciyawa ke da motar sintiri da ma'aikata da na'ura, amma mutumin da ya yi shekaru yana aiki ana korarsa da layi biyu a waya, ba wanda zai tambaye shi me ya kai ka. Ina jin haushin kamfanin, ina jin haushin mai abayar da ta ƙwace mini ganye, ina jin haushin gwiwata. Har shi Mumunin ina jin haushinsa, don da ya daka mini tsawa ya sunkuce ni da ƙarfi, da na zage shi na kwana biyu an wuce wurin.

Ƙullin tsohuwar na jefa shi ƙasan jaka, na rantse ba zan taɓa shi ba. Ana gobe arba'in da safe na ji motsi a kicin. Can sai ga Mumuni ya fito da babbar tukunya yana nishi, ya dire ta a ƙofar banɗaki, tururi yana tashi. Ya tsaya daga nesa, kansa a ƙasa. "Mma, ruwa ya yi. Ki kawo ganyen." Na ce na fasa. Ya ce, "In ba a yi wankan nan ba, ashe a banza aka kore ni."

Na ɗauko ƙullin. Na zuba a ruwan, furannin suka buɗe suna yawo a kai, ƙamshin ya cika gidan har 'yar Filifin ta leƙo. Rabi ta sa gwiwar hannu ta ce a surka, na surka, ta ce a ƙara, na ƙara ina harararta. Ta zauna a kan kujerar roba. Babu reshen da zan tsoma in fyaɗa mata, da ƙaramin tawul na yi, ina dannawa a baya, a ƙugu, a mara, ina karanta abin da mahaifiyata ke karantawa. Ruwan da a Gumel ko kwano ba za a ce ya wanke da kyau ba. Can na ji kafaɗunta suna rawa. Ta ce, "Inna, ƙamshin ɗakin Kaka." Na ce, "Rufe mini baki ki juyo." Ni ma a lokacin ba na gani sosai.

Ranar komowata babu mota. Jirgin ƙasa muka shiga, irin nasu da ke tafiya ba direba, na ce wato shi ma sun sallami nasa. Mumuni ya yi dariya, karo na farko tun ranar daji. Shi ke ɗauke da kayana, Rabi tana goye da Ummi da zanen da na koya mata ɗaurawa. Muna fitowa, a bakin matakalar nan mai tafiya da kanta, gwiwar ta sake riƙewa. Na yi taga-taga. Rabi hannunta yana kan goyo. Na duba gefe, ga shi tsaye, ya ajiye jaka, ya mai da hannuwansa baya, yana kallona kamar zai yi kuka.

Na ce, "Kai Mumuni, tsayuwar me kake yi? Kama ni mana!"

Ya kama ni. Yana riƙe da ni har muka kai wurin awon kaya, ban sake shi ba sai da ma'aikata suka ce daga nan mai rakiya ba ya wucewa.

Har yau bai sami wani kafil ba, kuma lokacin da aka ba shi yana ƙarewa. In bai samu ba Kumasi zai koma, ya bar mata da 'ya a ɗakin katako. Saboda haka mai zuwa tambayar zinariya ta haƙura, ban gani ba. In kuna da addu'a ku yi masa. Kuma duk wadda ta ƙara shigowa gidan nan ta ce mini "ya ɗan Ganan naku", ta san a bakin zaure za ta tsaya. Sunansa Mumuni.